Littafin aikin injin 350 na Chevelle ƙirar 1972

Asabar, 17 ga Fabrairu, 2024

Yau muka ciro injin daga cikin motar, ni da babban ɗana da wani dattijo maƙwabcina Ba'amurke wanda ya ara mana ƙugiyar ɗaga inji. Motar Chevrolet Chevelle ce ƙirar 1972, na saye ta a ƙarshen bara a wani ƙauye da ke wajen garin Greensboro a nan Amurka, bayan ta shekara da shekaru a ƙarƙashin rumfa. Tana tashi, amma da ƙyar, tana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma akwai wata ƙara a ɓangaren dama, tak tak tak, wadda ba ta ɗaukewa ko inji ya ɗau zafi.

Da sarƙa ta miƙe da nauyinsa sai da ƙugiyar ta yi ƙara. Ƙarfen zubi ne tun daga bulok har tof silinda biyun, kusan kilo 260. Duk da haka a nan ƙaramin bulok suke ce masa, saboda yana da yayye irin su 396 da 427 da 454 waɗanda ake kira babban bulok. Ni da na koyi aiki a kan Peugeot 504 a Kaduna ina yaro, na daɗe ina zagaya shi kafin na ɗauki sifana. Injin 504 gaba ɗayansa cc 1971 ne. Wannan silinda takwas gare shi, an jera su huɗu huɗu kamar harafin V, kowace tana cin kusan cc 717. Uku kawai daga cikinsu sun fi injin 504 ciki.

Lambar 350 ɗin ba suna ba ne kawai, awo ne: inci kubik 350, wato lita 5.7. Faɗin ramin silinda inci 4 cif, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa inci 3.48. Na sa ɗana ya lissafa da kansa a jikin kwalin da muka shimfiɗa a ƙasa, ya sami 349.8.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Ban kwance komai ba yau. Wanki na yi, da kananzir da buroshin ƙarfe, don in karanta lambobin da ke jikinsa. Wanda ya sayar min ya rantse cewa injin da motar ta fito da shi daga kamfani ne, amma kowane mai sayarwa haka yake cewa, kuma waɗannan injina sun yi kama da juna ƙwarai. Daga waje 305 da 307 da 350 kusan ba ka bambance su, kuma duk suna zama a mazauni ɗaya.

A baya, ɓangaren direba, inda inji ke haɗuwa da giya, lambar zubi ta fito: 3970010. Wannan bulok ne mai ramin inci 4 da aka yi ta zubawa daga 1969 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Hankalina ya ɗan kwanta. Amma hujjar gaske tana gaba, ɓangaren fasinja, a kan wani ɗan dandamali da ke leƙowa daga ƙarƙashin tof silinda. Datti ya daskare a kansa kamar kwalta. Na yi ta gogewa da tsumma a hankali, ban sa takardar yashi ba don kada in cinye rubutun. Sai ga shi ya bayyana, an buga shi da hannu, wasu haruffan sun fi wasu nutsewa. Harafin farko V ne, alamar masana'antar Flint da ke jihar Mishigan; da T ne, da a Tonawanda ta jihar New York aka haɗa shi. Bayansa lambobi huɗu na wata da ranar da aka haɗa shi, sannan haruffa uku da suka fara da C, alamar injin ƙaramar mota. Na manyan motocin ɗaukar kaya da T suke farawa. A gefe kuma ga wani layi na ƙananan lambobi. Na ɗauki fitila na je na duba lambar motar a gindin gilashin gaba. Lambobin ƙarshe sun yi daidai, ɗaya bayan ɗaya.

Ashe mutumin gaskiya ya faɗa. Shekara 52 injin nan da motar nan ba su rabu ba sai makon jiya. Wannan ya canza min tunani a kan aikin gaba ɗaya. Da niyyata in zuba masa duk wani kayan ƙarin ƙarfi da aljihuna zai iya. Yanzu so nake in mayar da shi lafiyayye ba tare da na ɓata abin da ya zo da shi ba.

Asabar, 2 ga Maris

Kwancewa. Abin da ya fara burge ni shi ne sauƙin ginin. Kamshaf guda ɗaya ne tak, a tsakiyar V ɗin, shi ke ɗaga tafet goma sha shida, su tura sanduna, sandunan su tura roka, roka ta danna bawul. Rokar ma ba a kan dogon shaf take ba, kowacce farantin ƙarfe ce da aka lanƙwasa, tana zaune a kan ɗan ƙwallo da noti ɗaya. Sandunan kuma rami ne a cikinsu, ta nan bakin mai ke hawa sama. Wannan tsari tun 1955 yake, lokacin da injiniyoyin Chevrolet ƙarƙashin Ed Cole suka fitar da na farko mai inci kubik 265. Daga shi aka sami 283 a 1957, da 327 a 1962, da 350 a 1967 cikin motar Camaro, da 400 a 1970. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar wannan silinda da ta kusa da ita inci 4.40 ce a dukansu, shi ya sa kayan wannan ke shiga wancan. Abin da ake canzawa faɗin rami ne da tsawon tafiyar fistin. Har 302 na Camaro Z/28 da haka aka same shi: ramin inci 4 irin na 327, tafiyar inci 3 irin ta 283, don ya shiga ƙa'idar tseren da ba a yarda inji ya wuce lita biyar ba.

Ƙarar nan ta tak tak na gano ta. Tafet ɗin bawul ɗin hayaƙi na silinda ta shida ya cinye, gindinsa ya zama kamar cokali, kuma tudun kamshaf da ke ƙarƙashinsa ya goge har ya kusa zama da'ira. Bawul ɗin da ƙyar yake buɗewa.

Da na cire kaskon bakin mai na ƙasa, sai na tarar da wasu gutsattsari launin ruwan ƙasa sun toshe rabin rariyar famfon mai. Ɗana ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannu.

"Baba, wannan ai roba ce. Me roba ke yi a cikin inji?"

Haƙoran giyar taimin ne. A wancan zamanin ana lulluɓe haƙoran giyar kamshaf da nailan don a rage ƙara. Idan ta tsufa sai ta bushe ta riƙa karyewa tana faɗawa ƙasa. Sarƙar taimin ta saki har ina iya taɓa gefenta biyu da yatsu. Da an ci gaba da tuƙa motar nan, ko dai sarƙa ta tsallake haƙori, ko famfo ya rasa mai injin ya yi nokin. Allah ne ya sa ta tsaya a rumfar nan.

Murafun da ke riƙe da karanshaf masu kusoshi bibbiyu ne, ba hurhuɗu ba. Mutane na yawan ɗokin masu huɗu, amma ga motar da za a hau a titi ba tsere ba, biyun sun isa har da saura.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma na bayan sallar asham, awa ɗaya ko biyu. Na auna silindojin: duk sun cinye a sama, akwai gaɓar da farce ke kamawa. A 504 da sai in zare silib in sa sabo. Wannan ba shi da silib, ramin a jikin bulok ɗin yake, dole a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su faɗaɗa shi a sa fistin mai girma. Na kai musu bulok da karanshaf da tof silinda biyun ranar Alhamis.

Asabar, 30 ga Maris

Labari biyu daga wajen masu gyaran ƙarfe. Karanshaf lafiya lau, goge shi kawai za a yi, wuyansa na tsakiya yana nan a inci 2.45, na kwanrod a 2.10, don haka metal na asali zai shiga. Amma tof silinda na dama ya tsage. Da ido ba a gani. Sai da mutumin ya ɗora masa maganaɗisu ya barbaɗa wani garin ƙarfe, garin ya taru ya ja layi siriri kamar gashi daga mazaunin bawul ɗin hayaƙi zuwa na kusa da shi.

A nan ne muka yi doguwar magana da maƙwabcina. Yana da wasu tof silinda biyu a ɗakin ajiyarsa, irin waɗanda ake kira masu doron raƙumi saboda tudu biyu da aka zuba a gefensu a matsayin alama. Ɗakin ƙonewarsu cc 64 ne, nawa kuwa cc 76. Ƙaramin ɗaki yana ƙara matsi, matsi yana ƙara ƙarfi. Ya ce in ɗauka kyauta, in mayar da injin kamar na 1970.

Na fahimci abin da yake nufi, domin a takarda faɗuwar tana da ban takaici. Wannan injin mai kafireto mai maƙogwaro huɗu an rubuta masa ƙarfin doki 300 a 1970, da matsin 10.25 bisa 1. A 1971 ya koma 270. A 1972, shekarar tawa, 175. Wanda ya ga lambobin kawai zai ce an yanke wa injin ƙafa. Amma abu biyu ne daban suka faru. Daga 300 zuwa 270 asara ce ta gaske: General Motors, uwar kamfanin Chevrolet, ta sauke matsin injinanta zuwa wajen 8.5 a 1971 don su iya shan fetur maras dalma da ke tafe, bayan dokar tsabtace iska ta 1970. Daga 270 zuwa 175 kuwa, yawancinsa ma'auni ne ya canza. A da ana gwada inji tsirara a kan benci, babu salansa, babu matatar iska, babu kayan da yake ja. Daga 1972 aka koma rubuta abin da yake bayarwa da duk kayansa a jiki, yadda yake a cikin mota. Injin 1971 da na 1972 kusan abu ɗaya ne, alƙalami ne ya bambanta su.

Na yi masa godiya ban karɓa ba. Nasa na farkon shekarun 1960 ne, babu ramukan kusoshi a goshinsu da ake ɗaure altaneta da famfon sitiyari, sai na yi ta ƙirƙirar maƙalai. Kuma da fistin mai shafaffen kai matsin zai haura 9.6, ga ƙarfen zubi mai riƙe zafi, sai in koma sayen fetur mai lamba 93 (lambar okten, awon juriyar fetur ga matsi) kullum ko injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Ni so nake in tsaya a kowane gidan mai in sha mai lamba 87 in wuce. Zan nemi tof silinda mai lambar zubi irin ta nawa.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi salla lafiya. Na samo tof silindan a wata kasuwar tsofaffin kayan mota, an gwada shi, ba tsaga. Za a sa wa duka biyun mazaunin bawul mai tauri a ɓangaren hayaƙi, tunda dalmar da ke kare mazaunin a da an hana ta a fetur ɗin motocin titi a Amurka tun 1996. Bawul ɗin shiga inci 1.94, na fita 1.50, yadda suka zo.

Sai maganar da ta fi damuna. Mai gyaran ƙarfen ya ba da shawara a aske saman bulok ɗin kaɗan, kamar yadda suka saba, don ya miƙe sarai kuma fistin ya zo daf da baki. Shawara ce mai kyau ga kowane inji. Amma dandamalin nan mai lambobi a fuska ɗaya yake da saman bulok. Wuƙar da za ta aske ɗaya za ta share ɗayan, V ɗin Flint da lambar motar duka su tafi, kuma ba a mayar da su. Na roƙe shi mu auna tukuna. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da a karkace, muna zura ma'aunin tazara a ƙarƙashi. Babu inda 0.002 na inci ya shiga. Na ce a bar shi haka.

Asabar, 4 ga Mayu

Bulok ya dawo, an faɗaɗa kowane rami da 0.030 na inci. Yanzu faɗinsa 4.030, cikin injin ya zama inci kubik 355.

Na zauna da biro na yi lissafin matsi, domin rashin askewar nan ya bar fistin yana tsayawa 0.025 ƙasa da baki. Kowace silinda yanzu tana share kusan cc 727. Abin da ya rage a sama idan fistin ya kai ƙarshe: cc 76 na ɗakin ƙonewa, kusan 6 na ramukan da aka yanka wa bawul a kan fistin, 5 da ɗoriya na wancan gibin, sai kaurin gasket. Da gasket na yau da kullum mai kaurin 0.041, matsin ya tsaya wajen 8.6. Da siririn gasket na farantin ƙarfe mai 0.015, ya kai 9 da ɗan kai, kuma tazarar da ke tsakanin kan fistin da shafaffen ɓangaren tof silinda ta zama 0.040. Wannan tazarar ita nake nema, domin idan ta matse haka tana watsa cakuɗin mai da iska zuwa wajen filogi, wutar ta ci da sauri, ƙwanƙwasa ta ragu. Siririn gasket ba ya yafe karkataccen bulok, amma mun riga mun auna. Fistin na asali mai kwarin kai ne kamar faranti. Sababbin masu shafaffen kai ne. Wannan ne babban wurin da na kauce wa yadda kamfani ya yi shi, kuma daga waje ba mai gani.

Wanke hanyoyin mai ya cinye sauran yinin, da ruwan zafi da sabulu da dogayen buroshi. Akwai wani ɗan toshi da ke ɓoye a ƙarƙashin murfin karanshaf na baya, wanda ke tilasta wa mai bi ta cikin filta. Masu wanki sukan cire shi, idan aka manta ba a mayar ba injin zai nuna matsin mai lafiya amma man ba ya tacewa. Na leƙa da fitila, babu shi. Na buga sabo.

Asabar, 18 ga Mayu

Karanshaf ya zauna. Na gwada tazarar metal da zaren Plastigage: a ɗora ɗan koren zaren a kan wuyan, a ɗaure murfi, a kwance, a gwada faɗin da ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Duka biyar ɗin sun faɗa tsakanin 0.002 da 0.0025. Sil ɗin baya gida biyu ne, domin mai zobe ɗaya sai 1986 ya zo. Na sa leɓensa yana kallon cikin inji, na ɗan karkata mahaɗarsa daga mahaɗar murfin.

Ɗana ne ya sa ringi a cikin kowane rami yana auna bakinsu, muna neman 0.016 zuwa 0.018. Biyu sun matse, ya goge su da fayil a hankali. Kusoshin kwanrod a 45 na sifanar awo. Bayan kowane fistin sai mu juya karanshaf mu ji ko ya yi nauyi fiye da kima.

Asabar, 8 ga Yuni

Sabon kamshaf mai sauƙin tudu kusa da na asali, sababbin tafet, giyar taimin ta ƙarfe zalla. Kusoshi 17 a kowane tof silinda, biyar kewaye da kowace silinda, daga tsakiya zuwa waje, a zagaye uku har 65. Na fesa masa fentin ruwan lemo irin na Chevrolet na wancan lokaci, na rufe dandamalin lambobin da tef don ya zauna tsirara kamar yadda na same shi.

Kafireton Rochester Quadrajet ne, na wanke na sa sababbin kayan ciki. Mutane da yawa suna cire shi su jefar, ni kuwa ina ganin ba su fahimce shi ba ne. Maƙogwaronsa biyu na gaba ƙanana ne, inci ɗaya da uku bisa takwas, da su ake yawon gari ba a ɓarnar mai. Biyun baya manya ne, inci biyu da kwata, ba sa buɗewa sai an taka totur sosai.

Asabar, 22 ga Yuni

Inji ya koma cikin mota tun ranar Laraba. Yau na zuba bakin mai mai sinadarin zinki, wanda irin wannan tafet mai shafaffen gindi ke buƙata, na juya famfon mai da injin huda ta ramin distirbuta har mai ya ɓullo a kan roka goma sha shida. Na jera wayoyin filogi: 1, 8, 4, 3, 6, 5, 7, 2, bi da bi yadda hannun agogo ke tafiya, marasa cika a ɓangaren direba, masu cika a na fasinja.

Na murza makulli. Ya juya, ya juya, sai fam! Wuta ta yi tsalle ta bakin kafireto. Na sake, haka. Na tsaya nan take, domin yawan juya sabon kamshaf ba tare da inji ya tashi ba yana share man da aka shafa masa.

Lahadi, 23 ga Yuni

Da asuba abin ya faɗo min. Lokacin da na sa sarƙar taimin na daidaita ɗigo biyun da ke jikin giyoyinta suna kallon juna, na kamshaf a ƙasa, na karanshaf a sama, kuma ban sake juya injin ba kafin in zura distirbuta tana nuna silinda ta ɗaya. A wannan injin, idan ɗigon suna kallon juna, ta shida ce ke shirin kamawa, ta ɗaya tana ƙarshen fitar da hayaƙi. Wutar tana zuwa a zagayen da ba nata ba.

Na cire filogi na ɗaya, ɗana ya toshe ramin da babban yatsa, ina juya injin da sifana a hankali.

"Baba, tsaya! Ta turo ni."

Na kawo alamar taimin kan sifili, na ɗaga distirbuta na juya ta rabin zagaye na mayar. Murzawa ɗaya ya kama. Ban bar shi ya yi silo ba ko na daƙiƙa, na ɗaga shi zuwa juyi 2,000, ina kai shi 2,500 ina dawowa, minti 25 cur, don mai ya riƙa fantsama a kan kamshaf har tafet su saba da tudunsu. Fentin bututun hayaƙi yana ƙonewa yana wari, maƙwabcina na tsaye da tiyon ruwa yana fesa wa lagireto, ɗana idonsa a kan agogon mai yana kiran lamba: 55, 55, 52. Zafi bai haura ba. Ƙarar tak tak babu ita.

Da na sauke shi silo, na ɗaga 'yar tagar da ke jikin hular distirbuta na zura makulli na daidaita foyin har agogo ya nuna digiri 30, injin yana aiki. Na zubar da man farko, na yanka filta na buɗe takardarta a rana: ɗan ƙyalli kaɗan irin na sabon inji, babu gutsuren ƙarfe.

Akwai ɗigon mai a bayan murfin bawul na hagu, zan sake gasket ɗinsa ranar Asabar. Cok bai buɗewa gaba ɗaya. Birkin gaba kuma ban taɓa shi ba tukuna, don haka motar ba za ta taka titi ba sai an gama da shi.